FILIN MATA: Karin Kumallo a Birnin Sin



A makon jiya na sami takarda daga wata ƙanwarmu, haifaffiyar Tsamaye ta ƙasar Sabon Birni, wadda aure ya kai ta Kano. Ta roƙe ni kada in ambaci sunanta, na kuwa yarda. Amma abin da ya same ta ya isa a baje shi a faifai, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Yau ita ce, gobe ke ce, ko 'yarki, ko ƙanwarki.

Maigidanta ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ya kan je ƙasar Sin saro kaya. Wannan karo sai ya tafi da ita, suka tashi daga Kano, suka sauya jirgi a Addis Ababa, suka sauka a birnin Guangzhou. Kwana 3 da isarsu sai mutumin da maigidan ya ke sayen kaya a hannunsa ya gayyace su karin kumallo, shi da matarsa. Aka kai su wani gini mai hawa da yawa, cike da kantuna tun daga ƙasa har sama, aka hau da su kan matakala mai tafiya da kanta har gidan abinci. Aka zaunar da su a tebur guda, maza da mata, aka shiga kawo waɗansu 'yan kwanduna na gora suna tururi, kowanne da 'yan ƙulle-ƙulle 3 ko 4 a ciki. Matar mai masauki ta yi ta zuba mata a kwano, ita kuwa ba ta san abin da ke ciki ba, ga kunya, ga tsinke biyu a maimakon cokali. Ta sunkuyar da kai, ta naɗe hannu, har aka tashi ko ruwa ba ta kurɓa ba. Fuskar masu gida ta sauya. Da suka koma masauki maigidan ya yi fushi, ya ce ta kunyata shi a gaban mutumin da arzikinsa ke hannunsa. Ga shi za su sake komawa, shi ya sa ta ke tambaya ko ta yi laifi, in kuma an sake gayyatarta yaya za ta yi.

To, ƙanwata, amsata a taƙaice ita ce, ƙin cin abin da ki ke shakka ba laifi ba ne, kin ma kyauta. Inda aka yi kuskure shi ne tafiya ba shiri, kuma rabin wannan kuskure ko fiye na maigida ne, don shi ya san gari. Yanzu bari mu bi abin daki-daki, yadda in an sake za ki tsare addininki, ki kuma faranta wa masu masauki.

MUN DAƊE DA SU A ƊAKUNANMU

Kafin mu shiga gidan abincin, ɗaga kai ki dubi jeren kakarki, in har yana nan. Langa da fanteka da samira masu zanen furanni, waɗanda iyayenmu suka riƙa jerawa har rufin ɗaki a Isa da Sabon Birni da Tsibiri, da yawansu aikin mutanen Hong Kong ne. Da fari daga can a ke kawo su a jirgin ruwa. Wajen lokacin samun mulkin kai a 1960 sai waɗansu masu masana'antu na Hong Kong suka taso suka kafa ma'aikatun kwanoni a Ikko da Kano. Wani attajirinsu kuma, Cha Chi Ming, ya kafa masaƙar United Nigerian Textiles a Kaduna a 1964, wadda mata da yawa suka ɗaura atamfarta. A 1971 Nijeriya da ƙasar Sin suka ƙulla zumunci na hukuma. Ashe dai mun daɗe muna cin tuwo a kwanonsu, abincinsu ne kawai ba mu sani ba.

Guangzhou babban birni ne a kudancin ƙasar Sin, a bakin wani kogi da a ke kira Kogin Lu'ulu'u. Turawan da suna kiransa Canton, shi ya sa a ke ce wa mutanen yankin da harshensu da girkinsu na Canton. Hong Kong tana kusa da shi, harshensu ɗaya, abincinsu ɗaya. Ingila ta mulki Hong Kong har 1997, sa'an nan ta mayar wa ƙasar Sin. Tun 1957 a ke cin wata babbar kasuwar baje koli a Guangzhou sau 2 a shekara, ita ce ke jan fatake daga ko'ina, har da namu. Agogonsu yana gaban namu da awa 7, watau sa'ad da su ke karin kumallo ke kina tsakiyar barci a Tsamaye.

MENE NE DIM SUM?

Abin da aka gayyaci ƙanwarmu, su a harshensu “yum cha” su ke ce masa, ma'anarsa shan shayi. 'Yan ƙananan abincin da a ke ci tare da shayin su ne “dim sum”, a kan fassara shi da abin da ke taɓa zuciya. Asalinsa daga rumfunan shayi ne na Guangzhou, inda 'yan dako da 'yan kasuwa kan tsaya da sassafe su sha shayi su ci 'yar loma biyu kafin su kama aiki. Har yau suna da wata magana ta “kofi ɗaya, loma biyu”. Ki tuna da teburin mai shayi a bakin tashar Isa, inda maza ke taruwa da safe a sha a yi hira, to haka abin ya faro. Sannu a hankali rumfuna suka zama manyan benaye. Akwai gidan shayi mai suna Tao Tao Ju wanda aka buɗe a 1880, da wani Lin Heung na 1889, sunayen nan biyu kuwa har gobe sanannu ne a birnin.

A zamanin yanzu gidajen dim sum da yawa sun koma cikin manyan gine-ginen kantuna. Wadda ta taɓa shiga Ado Bayero Mall da aka buɗe a Kano a 2014 ta ga ɗan misali, kasuwa ce guda a ƙarƙashin rufi ɗaya, da sanyin na'ura, da kantunan tufafi da takalma da wuraren cin abinci. Na can sun ninka wannan girma, wani ma jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa yana tsayawa a gindinsa. Iyali su kan fito ranar hutu tun daga kaka har jika, a ci dim sum da hantsi, sa'an nan a zaga kantuna.

Ki lura da wannan da kyau, domin shi ne ya sa fuskar masu masauki ta sauya. A wurinsu yum cha zaman zumunci ne. Wanda ya kai ki can tare da matarsa ya ɗauke ki kamar 'yar gida. In muka yi baƙo a ƙasar Gobir, uwargida ta dama fura da nono mai kyau ta aika, aka dawo da ƙwaryar yadda ta ke ba a taɓa ba, yaya za ta ji? To, haka matar nan ta ji.

YADDA A KE ZAMA

In an isa ƙofa, musamman ranar Asabar ko Lahadi, a kan tarar da cunkoso. Sai a karɓi 'yar takarda mai lamba a jira kira. Wani lokaci a kan haɗa baƙi biyu a tebur ɗaya in wuri ya yi kaɗan, wannan ba abin mamaki ba ne a wurinsu. Teburin mai kewaye ne, babba kuma ya kan zo da faifan gilashi a tsakiya wanda a ke juyawa don abinci ya iso gaban kowa.

Tambayar farko da ma'aikaci zai yi ita ce wane shayi a ke so. Shayinsu ba madara ba sukari, ganye ne da ruwan zafi kawai. Akwai baƙi mai ƙarfi da su ke kira “bo lei”, wanda su ke cewa yana narkar da maiƙo, akwai mai ƙamshin furen yasmin, akwai na wani fure rawaya mai sanyin ɗanɗano. In kin ga an kawo wani kwano babba an shiga ɗauraye kofuna da tsinkaye da ruwan shayin farko, kada ki ɗauka na sha ne. Al'adarsu ce ta tsabta, kamar yadda mu ke kawo ruwan wanke hannu.

A da mata ma'aikata ne ke tura 'yan kekuna cike da kwanduna suna kiran sunan abin da ke ciki, kamar masu talla, wanda ya ga abin da ya ke so ya tsayar da su, a buga masa hatimi a kati. Har yanzu akwai gidajen da ke yin haka, amma a yawancin na cikin kantuna takarda a ke ba mutum ya yi maki a gefen abin da ya ke so, ko ya zaɓa ta wayar hannu. Kuɗin ya danganta ga kwandon, akwai ƙarami da matsakaici da babba, ga kuma kuɗin shayi a kan kowane mutum. A Hong Kong su kan ƙara kashi 10 cikin 100 na hidima. Wanda ya yi gayya shi ke biya, ko da ya ke za ki ga maza suna ja-in-ja a kan takardar kuɗin, kowa yana cewa shi zai biya, kamar dai yadda namu ke yi.

ABIN DA KE CIKIN KWANDUNAN

Nan ne gizo ke saƙa. Yawancin dim sum turara shi a ke yi, yadda mu ke turara dambu ko alala, sauran kuwa a soya ko a gasa. A ido abin sha'awa ne, fari fes, an naɗe shi kamar aikin ɗinki. Amma mutanen Canton masu cin alade ne ƙwarai, har ma in aka rubuta “nama” kawai ba a faɗi na wace dabba ba, to na alade a ke nufi. Ga manyan da za ki fi gani:

“Har gow”, ƙulli ne mai fata shara-shara da jatan lande a ciki. Jatan lande halal ne a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar sauran abin da ke cikin ruwa, amma masu girki da yawa su kan cuɗa shi da kitsen alade don ya yi taushi.

“Siu mai”, mai rawayar fata buɗe a sama, naman alade ne da jatan lande.

“Char siu bao”, farin burodi mai laushi da ya tsage a ka, cikinsa gasasshen naman alade ne mai zaƙi.

“Cheung fun”, faffaɗar taliyar shinkafa a naɗe kamar tabarma, a kan sa mata jatan lande ko naman sa ko na alade.

“Lo mai gai”, shinkafa mai danƙo a ƙunshe cikin ganye irin na bado. Sunansa na kaza ne, amma a kan sa masa alade a ciki.

“Lo bak go”, kamar alala a yanka a soya, da wani farin tushe a ke yinsa, shi ma da gutsattsarin naman alade.

“Dan tat”, ɗan kek mai ƙwai da madara a tsakiya. Ko shi ma a kan murza garinsa da man alade a gidaje da yawa.

Akwai kuma ƙafar kaza da a ke dafawa har ta yi laushi, suna ji da ita ƙwarai. Kada ki yatsina fuska in kin gani. Mu da mu ke cin soyayyar fara da yaji, muna sayenta kwano-kwano daga Maraɗi, ba mu da bakin yi wa wani dariya. Abincin wani gubar wani.

Kin ga ke nan shakkar ƙanwarmu tana da tushe. Bayan alade akwai abu biyu kuma. Na ɗaya, kaza da sa da ba a yanka su yankan Musulunci ba. Na biyu, suna da wata giyar shinkafa da su ke ɗigawa a girki kamar yadda mu ke sa daddawa. Saboda haka kallon abinci da ido ba ya isa a gane halinsa.

MAFITA

Mafita ta fari, wadda ta fi kowacce, ita ce a nemi gidan abincin Musulmi. Kada ki yi mamaki, Musulunci ya daɗe a Guangzhou fiye da shekara 1,000, ta hanyar fataken Larabawa da Farisawa masu zuwa ta teku. Akwai tsohon masallaci mai suna Huaisheng, da doguwar hasumiya, yana cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin duka. Mutanen wurin suna danganta shi da Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah ya yarda da shi, ko da ya ke littattafan tarihinmu sun nuna a Madina aka binne shi. Ba nisa da masallacin akwai tsohon gidan abinci na Musulmi da a ke kira Huimin, inda a ke yin dim sum irin na Canton da naman sa da kaza da rago. A unguwar Xiaobei kuma, inda fatakenmu suka saba sauka, gidajen abincin halal ba su da wuyar samu. A Hong Kong akwai Masallacin Ammar a unguwar Wan Chai, wanda aka buɗe a 1981, a hawa na 5 na gininsa akwai ɗakin cin abinci da ya yi suna wajen dim sum na halal, har waɗanda ba Musulmi ba suna zuwa.

Alamar da za ki nema a ƙofa ita ce waɗannan haruffa biyu, 清真, a kan faɗe su kamar “cing-jan”, ma'anarsu halal. Sau da yawa a kan rubuta su da kore. 'Yan makaranta, ku kwafe su a bayan littafinku, wata rana za su yi muku rana.

Aikin maigida ne tun ranar da aka yi gayya ya ce wa abokinsa, mu Musulmi ne, ba mu cin alade, ba mu shan giya, in da hali a kai mu gidan cing-jan. Mutumin Sin ba zai ji haushin wannan ba, domin akwai Musulmi miliyoyi a ƙasarsu, sun san zancen. Abin da ke ƙona masa rai shi ne ya kashe kuɗi ya cika tebur baƙo ya ƙi taɓawa, bai kuwa san dalili ba. Da maigidan ƙanwarmu ya faɗi wannan magana guda, da duk abin nan bai faru ba. Rigakafi ya fi magani.

In kuwa an riga an zauna a gidan da ba na Musulmi ba, to kada ki naɗe hannu. Ki sa a rubuta miki a takarda ko a waya da rubutunsu cewa ke Musulma ce, ba ki cin alade ko kitsensa, ba ki cin abin da aka sa wa giya, ki nuna wa matar gida da fara'a. Da baki kuwa a kan ce “wo bu ci ju-rou”, watau ba na cin naman alade. Sa'an nan ki karɓi shayi ki sha, don shi ne ginshiƙin zaman, ba kuwa abin da ke cikinsa sai ganye. Ki nemi farar shinkafa, da jatan lande da aka tafasa a ruwa zalla, da ganyen da aka tafasa, da kifi turarre in an tabbatar miki ba a sa masa giya ba, da 'ya'yan itace. Wadda ba ta taɓa cin jatan lande ba ta fara da kaɗan, don akwai jikin da ba ya karɓarsa. Game da tukwane da kwandunan da a ke girka halal da haram a cikinsu, ki tambayi malaminku tun kafin tafiya, ki tsaya a kan abin da ya ce. In an sa miki abin da ba ki yarda da shi ba a kwano, ki yi godiya, ki nuna takardarki, ki tura wa mai ci. Murmushi da bayani sun fi shiru da sunkuyar da kai.

LADUBBAN TEBUR

Ga kaɗan daga cikin al'adunsu, waɗanda in kin kiyaye za su ce lalle wannan 'yar mutunci ce.

Ba a fara zuba wa kai shayi. In kin ɗauki buta ki fara da babba a teburin, ki bi da sauran, naki ya zo ƙarshe. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. In ƙanwarmu ta tashi ta zuba wa matar mai masauki shayi da hannunta, ta biya rabin bashin da a ke binta.

In an zuba miki, ki ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. Suna ba da labari cewa wani sarkinsu, Qianlong, wanda ya hau gado a 1735, ya fita yawo cikin ɓad-da-kama, ya zuba wa baransa shayi a wata rumfa. Bara ya rasa yadda zai yi, in ya faɗi ya yi gaisuwa asirin sarki ya tonu, sai ya lanƙwasa yatsu a kan tebur kamar mai durƙuso. Labari ne na baka, amma al'adar tana nan.

In ruwan buta ya ƙare ba a ɗaga murya a kira ma'aikaci. A kan ɗan zame murfin a bar shi a buɗe, da ya gani zai zo ya ƙara.

Kada ki soka tsinkayen a tsaye cikin shinkafa, don ya yi kama da turaren da su ke kunna wa matattu. Kada ki nuna mutum da su. In an ajiye waɗansu tsinkaye dabam masu wani launi, na ɗibar abinci ne daga kwanon tsakiya, ba a kai su baki. Kada ki juya faifan tebur sa'ad da wani ke ɗiba. Loma ta ƙarshe a kwando kuwa a kan yi wa wani tayinta.

Tsinken kansa ba abin tsoro ba ne. Na ƙasa a kwantar da shi a gindin babban yatsa ya zauna daram, na sama a riƙe shi kamar alƙalami, shi kaɗai ke motsi. Ki samo tsinken tsire guda 2 masu kauri, ki zuba gyaɗa a faranti ki yi ta gwadawa, mako guda ya isa. Jikar Bawa Jan Gwarzo ba ta gudun tsinke biyu. In ya faskara ki nemi cokali, akwai shi a kowane tebur, ba wanda zai zarge ki.

ZANCEN KUNYA

Na san abin da ke ran waɗansunku. Mu an tashe mu mace ba ta cin abinci a gaban maza, ba ta ci tare da miji a kwano ɗaya balle a bainar jama'a. Kunya ado ce, ban kuwa ce a yar da ita ba. Amma kowane gari da irin gaisuwarsa. A can in mace ta zauna da lulluɓinta kusa da mijinta, ta ci abin da ya halatta cikin natsuwa, ba wanda zai kalle ta sau biyu. Wadda ta ƙi ci ita ce idanu ke komawa kanta. In zama da maza ya yi miki nauyi, ki gaya wa maigida ya roƙa a ba ku ƙaramin ɗaki, gidaje da yawa suna da su, ki zauna a gefen matar gida. Ku kuma mazan da ke leƙa wannan fili a ɓoye, mun san kuna yi, kada ku ɗauki 'yar mutane daga Tsamaye ku dire ta a tsakiyar Birnin Sin ba ku gaya mata kome ba, sa'an nan ku dawo kuna faɗa.

GWADA SHI A GIDA

Wadda ba ta da niyyar zuwa ko'ina ita ma ga rabonta, don girkin turare ba ya shan mai, yana kuma da sauƙi ga tsofaffi da yara. Ki auna fulawa gwangwanin madara 4, ki sa ɗan gishiri, ki zuba ruwan zafi gwangwani 1 da ɗan ƙari, ki juya da muciya. In ya huce ki murza da hannu har ya yi santsi, ki rufe da tsumma mai laima ya huta rabin awa. Ki sami naman kaza ko na sa rabin kilo, mai ɗan kitse, ki niƙa ko ki daka. Ki yanka albasa mai lawashi da kabeji ƙanana, ki daka ɗanyar citta da tafarnuwa, ki haɗa da naman, da gishiri da masoro da cokali 2 na man riɗi ko man gyaɗa. Ki gutsuri ƙullin kamar girman goro ƙarami, ki murza shi da kwalba ya yi faɗi kamar bakin kofi, ki sa nama cokalin shayi ɗaya a tsakiya, ki ninke ki matse bakin da yatsu. Ki shimfiɗa ganyen kabeji a madambaci don kada su manne, ki jera su da 'yar tazara, ki rufe, ki turara minti 15 bayan ruwa ya tafasa. Ki fasa ɗaya ki duba naman ya nuna. Wannan awo zai ba ki wajen guda 35. A ci da ɗan yaji da man gyaɗa, da shayi ba madara.

'Yan makaranta, ku kuma ga naku. Kun ji dai duk wahalar ƙanwarmu ta taso ne daga rashin kalma biyu ko uku da za ta faɗa. Ku dage da karatu, ku riƙa duba taswira, ku koyi harsunan mutane. Iyayenmu sun daɗe suna ambaton Birnin Sin in ana zancen nisan da a ke zuwa neman ilmi, ga shi yau 'yar Tsamaye ta je ta dawo.

Ƙanwata, in kun koma ki tafi wa matar nan da 'yar tsaraba, ko turmin atamfa ko turaren wuta, ki sa a gaya mata dalilin abin da ya faru. Ina kyautata zaton za ta fahimta, ta yiwu ma ita ce za ta nemo muku gidan cing-jan da kanta. Ki rubuto mana yadda kuka ƙare. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya kuma ba ƙasarmu ta Gobir zaman lafiya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.